Kofi Biyu na Dona Zulmira

A duk yankinmu na Serro, a jihar Minas, babu wanda zai ce maka ya taɓa ganin Dona Zulmira a wurin taro da kofin gahawa guda ɗaya. Biyu take zubawa. Ko biki ne, ko zaman makoki, ko taron ƙungiyarmu ta masu cuku, tana shiga za ta zarce wurin fulas, ta cika kofuna biyu ta saƙala su a yatsun hannu ɗaya, ta ɗauki farantin burodin cuku a ɗayan, sannan ta tsaya tana baza ido kamar mai neman akuyarta a kasuwa. Tsakiyar fili, inda masu baki suke ta shewa, bai dame ta ba. Jikin bango take dubawa, da bakin ƙofa, inda baƙon da bai san kowa ba yake raɓewa yana latsa wayar da babu wanda ya kira.

Sai ta nufe shi kai tsaye.

"Ɗana, riƙe mini wannan, hannuna zai karye."

Ta danƙa masa faranti a hannun dama. Kafin ya gama mamaki ta miƙa masa kofi a na hagu.

"Wannan kuma naka ne. Maƙwabciyata na zuba wa, ga ta can ta haɗe rai kamar an kashe mata kaza. Sha abinka, ba ta cancanta ba."

Maƙwabciyar nan ni ce, Nilza. Gahawata da matar nan ta yi sadaka da ita a tsawon zamanmu, da an tara da ta cika rijiya. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna komadre, amma halinmu hannun riga ne. Ni in na shiga taro na gaisa da mutum uku na gaji, na huɗu kuwa sai dai ya yi haƙuri da abin da ya ji. Ita ko sanda aka jingine a bango sai ta tambaye ta lafiyar iyali.

Mutane suna cewa baiwa ce. Baiwa ce, ban musa ba. Amma na san inda ta samo asali, duk wanda ya zauna da ita ma ya sani, don ba ta ɓoyewa. Ƙaninta take nema.

Mahaifiyarsu ta rasu a shekarar wani fari, ta bar wa ubansu yara cike da ɗaki da shanun da nononsu ya ƙafe. Sai wani mai fataucin shanu ya ratso ƙauyen tare da matarsa wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Suka ga autan, Valdivino, wanda bai cika shekara biyar ba, suka roƙa a ba su riƙo. A zamanin ba abin kunya ba ne, gidaje da yawa sun bayar. Suka yi alkawarin kawo shi ganin gida da Kirsimeti. Ranar da za a tafi da shi aka aiki Zulmira rafi wanki, don an san ba za ta yarda ba, ita ce mai goyonsa. Ta dawo ta tarar da sawun mota. Kirsimeti ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, har uban ya bar duniya bai san ko sunan garin mutumin ba. Shaida guda ta rage mata: tabon ƙuna a bayan hannun yaron na hagu, inda tafasasshen ruwan rake ya zubo masa ranar da ake dafa mazarƙwaila.

To, ka ji dalilin faranti a dama, kofi a hagu. Mutum in ya miƙo hannu zai karɓi kofi, bayan hannunsa yana fitowa fili. Kallo ɗaya take yi masa, ba ya ma lura.

Ta ce mini tana budurwa kunya kamar ta kashe ta. Amma ba a kama hannun baƙo a kasuwa a juya shi haka kawai, dole sai da magana, ita kuwa magana koyonta ake yi. Da farko takan tambayi mutum sana'arsa, sai ta ga ko dai ya kumbura kamar talotalo, ko ya tsure kamar an kama shi da sata. Ta bar wannan. Ta koma tambayar da kakanninmu suke yi.

Na taɓa ganin ta ta tare wani likitan dabbobi da aka turo mana daga birni, mutum a sandare, ko murmushi sai ka ce da kuɗinsa zai saya.

"Yallaɓai, ina aka binne cibiyarka?"

"Cibiyata?"

"Ita fa. Ko ba ka da ita? Daga sama ka faɗo?"

Dariya ta suɓuce masa. Ya ce kakarsa ta ce a gindin turken shanu aka binne, wai don ya zama mai garke.

"Ka gani! Ga shi kana bin gindin shanun mutane da allura. Kakarka ba ta yi ƙarya ba, lissafi ne ya ɗan kuskure. Wace irin mace ce ita?"

Shi ke nan an kunna rediyo. Mutumin da ya yi wata guda a garinmu ba a ji muryarsa ba, ya tsaya yana ba ta labarin kakarsa har gahawar ta huce. Ita kuwa ba ta katse mutum. In ya yi shiru ba ta yin gaggawar cike gurbin, sai ta kurɓi gahawa ta jira, ta ce a bayan shirun ne maganar gaskiya take. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta taɓa barin baƙo a inda ta same shi. In ta ji abin da za ta ji, sai ta ja hannun rigarsa ta kai shi gaban wani, ta ce, "Ga ɗan garin matarka," ko "Shi ma kakarsa ta raine shi, ku ƙarasa," ta sulale ta koma wurin fulas.

Hannu nawa ta duba? Allah kaɗai ya sani. Babu tabo ko ɗaya. Amma ba ta taɓa juya wa mutum baya don hannunsa ya fito sumul ba, kuma nan ne na sara mata. Ni ce da na ga ba shi ba ne zan karɓe kofina.

"Komadre," na ce mata wata rana muna matse cuku, "kin ga ba Valdivino ba ne, me ya zaunar da ke kina jin tatsuniyar kakar wani?"

"Shi ma ƙanin wata ne, komadre. In nawa yana tsaye jikin wani bango a wani gari, ina so a samu wadda za ta kai masa gahawa."

Ban sake yi mata wannan tambayar ba.

Shanunta ba su taka kara sun karya ba, cukunta ma nawa ya fi shi daɗi, ta sani na sani. Amma in ƙungiya za ta tura wakilai taro, ita ce ta farko a mota. Rabin masu shagunan da suke ɗaukar cukun kwarinmu ta bakinta suka zo, kuma ba ta taɓa ce wa ɗayansu ya saya ba. Aure biyu na sani da aka ƙulla a kan farantinta. Ɗaya ya mutu, amma wannan ba laifinta ba ne.

Shekarar da ƙungiya ta tura mu Belo Horizonte, babban birnin jiharmu, taron masu cuku da masu saye, ni dole aka yi mini. Wani ƙaton zauren otal ne mai sanyin na'ura, an maƙala wa kowa kati a ƙirji kamar shanun da za a kai kasuwa. Wani saurayi mai kwat ya hau dandamali ya koya mana yadda ake gabatar da kai cikin numfashi guda: sunanka, hajarka, abin da kake nema, ka miƙa ɗan katinka, ka wuce gaba. Aka tashi hutun shan gahawa, zaure ya kacame. Kowa yana magana, babu mai sauraro. Mutum yana gaisawa da kai idonsa na bayan kafaɗarka, yana neman wanda ya fi ka.

Na samu kujera na zauna ina tsinewa a zuci. Zulmira ta zuba kofi biyu.

Wadda ta hango wata mace ce a gefen taga, ba za ta wuce shekara arba'in da ɗoriya ba, da jaka a kafaɗa, ta yi tsaye kamar wadda ta shigo bikin da ba a gayyace ta ba. Mata ma Zulmira ba ta ƙyale su, ta ce mace tana da uba, tana da miji. Ta yi mata abin da ta saba, faranti da kofi da zagina. Matar ta yi murmushi ta ce sunanta Edilene, daga São Paulo, ɗan shago gare ta, wannan ne zuwanta Minas na farko.

Ina kallo daga kujerata, sai na ga matar ta ɗauki yankan cuku daga tebur, ta gutsuttsura shi, ta zuba a cikin gahawar. Ta jira ya yi laushi, ta sa cokali tana kamowa.

Na miƙe ban sani ba. Mutumin São Paulo ba ya yin haka. Mu ma a gaban baƙi ba ma yi, sai a gindin murhu, cin ƙauye ne.

"'Yata," in ji Zulmira, muryarta ba ta canza ba, "wa ya koya miki wannan ƙauyancin?"

Edilene ta ji kunya. "Babana. Kullum da safe haka yake yi, mahaifiyata tana yi masa faɗa."

"Ina aka binne cibiyarsa?"

"Shi ma bai sani ba, Dona. A nan Minas aka haife shi, iyakar abin da ya sani ke nan. Yana ƙarami aka ba wani mai fataucin shanu shi riƙo, aka tafi da shi. Bai sake ganin kowa nasa ba. Bara ya rasu." Ta dubi waje ta taga. "Gaskiya ba cuku ne ya kawo ni ba. So nake in ga ƙasar kawai."

Na ƙaraso na riƙe gwiwar hannun komadre.

"Sunansa?"

"Anastácio."

"Suna ba komai ba ne, ana canza wa ɗan riƙo suna." Zulmira ta ajiye kofi. A rayuwata ban taɓa ganin ta ajiye kofi a tsakiyar hira ba. "Ki yi mini haƙuri, 'yata. Ni ma an tafi da ƙanina haka. Bayan hannun babanki na hagu, akwai tabon ƙuna?"

Edilene ta zuba mata ido. Na ga lokacin da ta gane abin da ake tambayarta, na kuma ga yadda take so ta ce e.

"Makanike ne, hannunsa duk tabo ne. Wataƙila yana ciki ban lura ba. Ko ya ɓace da girma."

"Babba ne, daga wuyan hannu har gindin yatsu. Fatar wurin tana sheƙi."

Hawaye suka zubo wa matar. "Ni na riƙe hannun nan a asibiti har ya cika. Babu, Dona."

"Tabon mazarƙwaila ba ya ɓacewa," in ji Zulmira a hankali. "Ba shi ba ne."

Na so in ja ta mu fita, ta samu wuri ta yi kukanta. Ita kuwa sai ta ɗauki kofinta ta kurɓa, ta gyara tsayuwa.

"To, me kuma yake tunawa? Yaro ba ya manta komai da komai. Akwai kogi? Akwai dutse?"

Edilene ta share fuska. Ta ce yakan ambaci wasu mata suna zaune a ƙasa suna gina 'yar tsana ta yumɓu, doguwa, da kayan amarya. Kuma kunnensa na dama a tsage yake, ya ce kare ne ya cije shi a gidansu na farko.

"Amaryar yumɓu ba aikin Serro ba ne," in ji Zulmira. "Wannan sai can arewa, wajen Minas Novas. Na san wata maginiyar tukwane a can, na taɓa ba ta gahawar komadre a wani baje koli. Ki zo gidana ranar Lahadi ki ci wake da kaza. Matambayi ba ya ɓata."

A cikin bas muna komawa na kasa haƙuri.

"Komadre, wa zai ƙaryata ki da kin ce shi ne? Mutumin ya mutu. Yarinya tana son gwaggo, ke kina son jininki. Da kowa ya huta."

Ta juyo daga taga ta dube ni.

"In na ce shi ne, na binne Valdivino da raina ke nan, alhali wataƙila yana can yana shan iska. Ita kuma akwai wata a wani wuri da aka aika rafi ranar da aka tafi da babanta. Nata ne, ba nawa ba."

Na bar mata gardamar. Hakan ba ya zuwa da arha a wurina, duk Serro sun sani.

Edilene ta zo ranar Lahadi, ta ci wake da kaza har ta nemi ƙari. Daga nan Zulmira ta shiga aiki. A lokacin na ga amfanin gahawata. Ta kira maginiyar, maginiya ta haɗa ta da wani direban bas, shi ma ashe ya taɓa riƙe mata faranti a wani zaman makoki. Direba ya san wani tsohon fadan coci, fada ya ce a tambayi matan da suke sayar da tukwane a kasuwar Asabar. Duk wanda ta kira sai ka ji ya ce, "Dona Zulmira mai kofi biyu?" Da waya ta gaza, ta bar mini tatsar shanunta ta hau bas da kanta, da ciwon gwiwarta da komai, wai zumunci a ƙafa yake. Na ce mata zumuncin wasu, ƙafarki. Ta yi dariya ta tafi.

Damina ta kusa ƙarewa lokacin da ta dawo ta tsaya a ƙofar madafata, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Sunanta Perpétua. Ta fi ni tsufa. Ƙaninta Anastácio, kare ya tsaga masa kunnen dama. Ba su ma canza masa suna ba, komadre."

Aka sa ranar haɗuwa, muka tafi mu uku a motar Edilene. Ƙauye ne a bayan Minas Novas, jar ƙasa, gidaje a warwatse. Dangi sun cika tsakar gida, an yanka kaji, an ɗora tukwane, har da mai molo. Dona Perpétua tana zaune a kan benci a ƙofar ɗaki, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, hannuwanta duk yumɓu ya cinye su. Ba ta taɓa fita neman ƙaninta ba, ba ta san ta inda za ta fara ba. Zama ta yi a gidan ta ƙi tashi, ko da 'ya'yanta suka so mai da ita birni, wai kada ya dawo ya tarar babu kowa.

Da Edilene ta fito daga mota tsohuwar ta miƙe, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Goshin innarmu ne. Wayyo Allah, goshin innarmu ne! Ya yi ƙiba? Yana cin abinci? An ba shi wahala?"

"Ya yi ƙiba, gwaggo. Kullum sai ya zuba cuku a gahawa."

"Ni na koya masa! Ni ce!"

Tsakar gida ta ɗauki kuka da guɗa. Ni kaina na yi, ban ji kunya ba. Na waiga neman komadre, sai na hango ta can jikin bango, ita kaɗai, inda ba ta taɓa tsayawa ba. Tana kallon tsohuwar nan da ta samu nata, hawaye yana bin kuncinta, ba ta ko sharewa. Na yi mata murna, na kuma ji haushin duniya, don a ganina in da adalci yau ranarta ce.

A karo na farko a zamanmu ni na je wurin fulas. Na zuba kofi biyu, na ƙona yatsa, na kai mata.

"Riƙe mini wannan, hannuna zai karye."

Ta yi dariya cikin kuka. "Ba haka ake yi ba, komadre. Kin manta faranti."

"Sha ki ba ni wuri."

Ta kurɓa sau ɗaya. Sai na ga idonta ya wuce ni. A bakin ƙofar gida wani dattijo ne tsaye da malafa a hannu, furfura fal kansa, da gani ba ɗan gidan ba ne, ƙila hayaniya ya ji ya leƙo. Babu wanda ya kula shi.

Zulmira ta goge fuska da bakin zanenta, ta zare nawa kofin daga hannuna, ta ɗauki faranti a kan benci, ta nufi ƙofa tana ɗingishi.